Fitilun ado na bukukuwa: Asalinsu, yadda ake ɗaura su a wajen gida da yadda ake kula da su

Fitilun ado su ne ƙananan ƙwayayen lantarki da ake jerawa a jikin waya guda, a zagaye katanga, ƙofa, baranda, bakin rufi ko bishiyar ƙofar gida da su domin nuna farin ciki a lokacin biki. An fi sanin su da bikin Kirsimeti a Amurka da Turai, inda al'adar ta samo asali, amma yau ana kunna su a bikin Diwali na Indiya, da watan Ramadan a Masar da sauran ƙasashen Larabawa, da lokacin Mauludi, Sallah, Kirsimeti da bukukuwan aure a biranen Najeriya.

Ƙanƙantar ƙwayayen kan sa a ɗauke su kamar kayan wasan yara. Alhali duk wanda ya ɗaura su a waje ya shimfiɗa layin wuta ne na wucin gadi a inda rana, ƙura, raɓa da ruwan sama za su same shi, kuma a inda yara da baƙi ke kai-kawo. Mafi yawan asarar da ake yi ba daga ƙwayayen take tasowa ba. Tana tasowa ne daga ƙarfin wutar da bai dace ba, da mahaɗar waya da ruwa ya shiga, da soket ɗin da aka ɗora wa kaya fiye da kima, da kuma tsanin da aka jingina ba daidai ba.

Asalin al'adar

Kafin zuwan lantarki, Jamusawa kan manna kyandirori a rassan bishiyar Kirsimeti, su ajiye bokitin ruwa a kusa saboda tsoron gobara. A watan Disamban 1882, Edward Johnson, abokin aikin Thomas Edison, ya ɗaura ƙwayaye 80 masu launin ja, fari da shuɗi a bishiyar da ke gidansa a birnin New York. Wannan ne ake ɗauka a matsayin farkon fitilun ado na lantarki. Daga baya aka kunna irinsu a Fadar White House zamanin Shugaba Grover Cleveland, sannan a 1903 kamfanin General Electric ya fara sayar da su a haɗe, ta yadda mai gida zai iya jona su da kansa.

Daga cikin ɗaki al'adar ta fito waje. A 1923 Shugaba Calvin Coolidge ya kunna bishiyar Kirsimeti ta ƙasa a Washington mai ƙwayaye 2,500. Titin Regent na Landan ya fara nasa adon a 1954. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da unguwannin bayan gari suka yawaita a Amurka, ado da fitilu ya zama abin gasa tsakanin maƙwabta, har unguwanni irin su Dyker Heights a Brooklyn suka zama wurin da masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo a kowane Disamba. Tsadar makamashi ta taɓa dakushe al'adar: a ƙarshen 1973, lokacin takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa, Shugaba Richard Nixon ya nemi Amurkawa su haƙura da fitilun ado na waje.

A duniyar Musulmi, Masar ta daɗe da al'adar fitilar azumi da suke kira fanus, wadda riwayoyi ke danganta ta da zamanin daular Faɗimiyya. Landan ta kunna fitilun Ramadan a tsakiyar birnin karon farko a 2023. Galibin kayan da ake amfani da su a duk waɗannan wurare daga ƙasar Sin suke fitowa, musamman birnin Yiwu na lardin Zhejiang, wanda ake ƙiyasta yana samar da kusan kashi 60 cikin 100 na kayan adon Kirsimeti na duniya, kuma 'yan kasuwarmu da dama sun san hanyarsa.

Ire-iren fitilun

Iri na farko shi ne tsohon yayi, mai ƙwan gilashi da siririn zare a ciki wanda ke yin haske idan ya yi zafi. Yana da araha, amma mafi yawan wutar da yake sha zafi take komawa, kuma gilashin na saurin fashewa.

Iri na biyu shi ne LED, wanda ya mamaye kasuwa a yanzu. Jan LED ya samu tun 1962, amma sai da masanan Japan uku, Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka samar da shuɗi mai haske a farkon shekarun 1990 kafin a iya yin fari mai haske, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2014. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce LED na rage shan wuta da aƙalla kashi 75 cikin 100, kuma yana iya ninka tsohon ƙwai daɗewa har sau 25. Shahararriyar bishiyar Cibiyar Rockefeller a New York ta koma LED a 2007, yanzu kuma tana ɗaukar ƙwayaye sama da 50,000.

LED ɗin ma kashi uku ne. Akwai mai shan wutar gida kai-tsaye. Akwai mai ɗan taransifoma a jikin filogi, wanda ke sauke wutar zuwa bolt 24 ko 31 kafin ta shiga wayar ado. Wannan ya fi aminci a gidan da ke da yara, domin ko wayar ta yage ba ta ɗauke da wuta mai kisa. Sai mai aiki da hasken rana, wanda ke da ɗan faifan sola da batir. Haskensa bai kai na sauran ba, amma ba ya buƙatar soket kuma ɗauke wuta ba ya damunsa.

Abin dubawa kafin saye

Abu na farko shi ne ƙarfin wuta. Najeriya na amfani da bolt 230, Nijar 220, Amurka kuwa 120. Fitilar da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka ko aka saya a cikin kayan gwanjo, idan an rubuta 120V kaɗai a jikinta, za ta ƙone cikin daƙiƙoƙi da zarar an jona ta a nan, wani lokaci har da tartsatsi. Ɗan adaftan da ake sayarwa a kasuwa siffar bakin filogi kawai yake canjawa, ba ya rage wuta. Sai dai a haɗa ta da taransifoma mai sauke wuta, ko a nemi wadda aka rubuta 220–240V ko 100–240V.

Abu na biyu shi ne ko an yi ta ne domin waje. Ma'aunin duniya na wannan shi ne haruffan IP da lambobi biyu ke biye da su. Lambar farko na nuna kariya daga ƙura da tarkace, ta biyu kariya daga ruwa. IP20 ta cikin ɗaki ce, ba ta da wata kariya daga ruwa. IP44 na jure feshin ruwa daga kowace kusurwa, ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace da waje. IP65 ba ta barin ƙura ta shiga ko kaɗan kuma tana jure ruwa mai ƙarfi, don haka ta fi dacewa da katangar da babu rumfa a kanta. A lura cewa sau da yawa wayar ado ce kawai ke da wannan kariya, taransifomarta kuwa ta cikin ɗaki ce. A kayan Amurka masu hatimin UL, ja na nufin ciki da waje, kore na nufin ciki kaɗai.

Abu na uku shi ne ingancin wayar kanta. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wayar da ta yi siriri kamar zaren ɗinki, ko wadda robarta ke tsagewa idan an lanƙwasa ta, ko wadda ke zamewa daga gindin ƙwai idan an ɗan ja ta, ba ta cancanci a kai ta gida ba. Kwalin da ba shi da sunan kamfani, adadin wat da takardar bayani shi ma abin gudu ne. Ga mai shigo da kaya, kayan lantarki na cikin waɗanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ke neman takardar shaidar SONCAP a kansu. Mai saye kuma ya sa a gwada masa a shago, a bar ta a kunne na 'yan mintoci, ya taɓa filogi da akwatin sauya launi ya ji ko suna ɗaukar zafi.

Lissafin wuta da kuɗi

Kowane jeri na da adadin wat da yake sha a rubuce a jikin kwali ko wata 'yar takarda kusa da filogi. Jerin tsohon yayi mai ƙananan ƙwayaye 100 kan sha kimanin wat 40, LED mai wannan adadi kuwa wajen wat 6.

A ɗauka mai gida ya ɗaura jeri goma, yana kunnawa awa shida kowane dare har kwana 30. Tsohon yayi zai sha wat 400, wato yunit 72 a wata. LED zai sha wat 60, wato ƙasa da yunit 11. A farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar NERC ta sanya wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, na farko zai ci naira 16,200, na biyu naira 2,430. Ga mai inbata, bambancin ya fi fitowa fili, domin wat 400 na iya cinye batirin da aka tanada don fanka da firji kafin tsakar dare.

Filogi mai baki uku da aka saba da shi a Najeriya na ɗaukar amfiya 13, kusan wat 3,000, amma siririyar wayar ado ba ta kai kusa da haka ba. Shi ya sa ake iyakance adadin jerin da za a jona baki da baki. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada a wuce jeri uku na tsohon yayi. Na LED kuwa a bi adadin da kamfani ya rubuta. Kada a haɗa LED da tsohon yayi a layi ɗaya, kuma kada a jona ekstenshan a jikin wani ekstenshan. Idan wayar jan wuta mai naɗi ce, a warware ta duka, domin naɗaɗɗiyar waya na tara zafi.

Yadda ake ɗaurawa

A fara da awo. A auna tsawon katanga, ƙofa ko barandar da za a yi wa ado, da nisansu daga soket, sannan a ƙara ɗan rara. Kafin a hau ko'ina, a shimfiɗa kowane jeri a ƙasa, a bi shi da ido da hannu daga farko zuwa ƙarshe alhali ba a jone yake ba, sannan a kunna a gwada. Jerin da aka ga tagullarsa a fili, ko gindin ƙwai ya fashe ko ya yi baƙi, a jefar da shi. Naɗe shi da baƙin salatif ba gyara ba ne, domin zafin rana na narkar da danƙon cikin 'yan kwanaki.

Soket ɗin da zai ba da wuta ya kamata ya kasance yana da na'urar kariya da ake kira RCD, wadda ke katse wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ji wutar na zurarewa, galibi a kan miliamfiya 30. Fis da burekar da ke jikin akwatin wutar gida suna kare waya ne daga ƙonewa. RCD ce ke kare ran mutum. Tana da maɓallin gwaji da ya kamata a danna kafin fara amfani. Gidan da ba shi da ita, ko ba shi da soket na waje mai murfi, ya kira ƙwararren mai aikin wuta. Zura tsirarar waya a ramin soket a toshe da tsinken ashana, ko jan wuta kai-tsaye daga turke, ganganci ne da ya sha jawo gobara.

Wajen maƙalawa, ba a amfani da ƙusa, ƙarfen ɗinke takarda ko wayar ɗauri, domin suna huda roba. Akwai 'yan maƙalai na roba da igiyoyin roba masu zargewa da aka yi don wannan aiki. A nisanta waya daga kaifin bakin kwano da indararo, kuma kada a matse ta a ƙofa ko taga. Get ɗin ƙarfe da ƙarafunan baranda na buƙatar kulawa ta musamman: idan waya ta yage a jikinsu, dukan ƙarfen zai ɗauki wuta, duk wanda ya taɓa kuma ta ja shi. A irin wannan wuri a yi amfani da mai taransifoma ko mai sola. Katangar da ke da wayar tsaro mai wuta ko mai reza ba wurin ɗaura ado ba ce.

Ruwa ta mahaɗa yake shiga. Kowace mahaɗar filogi a ɗaga ta daga ƙasa, a sa ta cikin akwatin roba mai murfi, bakinta na kallon ƙasa. A bar waya ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa da soket kafin ta hau ta shiga, ta yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga a lanƙwasar. Kada waya ta ratsa hanyar mota ko inda mutane ke takawa. A jikin bishiya a naɗa ta sakwa-sakwa, domin iska na kaɗa rassa.

Tsani

Hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka ta ƙiyasta cewa a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara mutum kusan 160 ke jin rauni kowace rana a wajen yin ado, kuma kusan rabinsu faɗowa suke yi. Ƙa'idar jingina tsani ita ce ɗaya bisa huɗu: idan tsayin wurin mita huɗu ne, gindin tsani ya nisanci bango da mita ɗaya. A kafa shi a ƙasa mai tauri, wani ya riƙe, mai hawa kuma ya sa takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba, ya naɗe babbar riga ko ya cire ta. A kowane lokaci gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya. Idan hannu bai kai ba, a sauko a matsar da tsanin.

Kafin a ɗaga tsani a dubi sama. A unguwanni da yawa wayoyin wuta na ratsa saman gidaje, kuma wutar babban layi na iya tsallakowa ta kama tsanin ƙarfe ko da bai taɓa wayar ba. Aikin ɗaurawa na rana ne, a busasshen yanayi, fitilu kuma a cire daga soket.

Kulawa bayan an ɗaura

A ƙasashen sanyi ƙanƙara da jiƙa ne abokan gabar fitilun ado. A nan kuwa ya danganta da lokacin bikin. Kirsimeti da sabuwar shekara na zuwa ne a hunturu, lokacin da ciyawa, zana da ganyaye suka bushe ƙayau, iska kuma na ruruta ɗan tartsatsi. Don haka a share busasshen ganye daga kusa da waya, a nisanta ta daga rumfar kara, labule da wurin ajiye fetur. Ƙurar hunturu kan rufe faifan sola, sai a riƙa goge shi da ɗanyen tsumma kowane kwana biyu ko uku. Sallah da Mauludi kuwa suna zagaya shekara, wani lokaci su faɗo tsakiyar damina. Idan hadari ya haɗu a cire filogi, bayan ruwa kuma a bar mahaɗa su bushe kafin a mayar.

A kashe fitilu kafin a kwanta da kuma duk lokacin da za a bar gida. Akwai na'urar ƙayyade lokaci da ake jonawa a soket, da wadda ke kunna kanta idan duhu ya yi. Idan aka ɗauke wuta a kashe su, domin wutar kan dawo da ƙarfi fiye da kima, haka ma a lokacin tayar da janareto ko juya layi. Janareton kansa a waje yake zama, nesa da tagogi, saboda hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba. Sau ɗaya a mako a zagaya a duba: wayar da ta saki, wurin da ɓera ya ciza, filogin da ya yi zafi ko warin ƙonewar roba. Haƙƙin maƙwabci ma na nan; fitila mai walƙiya da ke haska tagar ɗakin barcin wani a mayar da ita mai tsayayyen haske ko a kashe ta da wuri.

Idan wani sashe ya mutu

A tsohon yayi ƙwayayen a jere suke shan wuta, ɗaya na miƙa wa ɗaya, kowanne na ɗaukar kimanin bolt biyu da rabi. A cikin kowane ƙwai akwai wata 'yar gada da ke barin wuta ta wuce idan zarensa ya ƙone. Amma idan ƙwan ya saki daga gindinsa ko gadar ta gaza, sai dukan sashen ya mutu. Kuma kowane mataccen ƙwai na ƙara wa sauran nauyi, su riƙa mutuwa bi da bi, shi ya sa ake canja shi da wuri.

Idan jerin duka ya mutu, a cire shi daga soket, a duba fis ɗin filogi, a canja shi da mai lamba ɗaya da shi, ba da guntun waya ko takardar sigari mai ƙyalli ba. Idan rabi ne ya mutu, a bi ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya ana danna su, ana gwada sabon ƙwai a gurbin wanda ake zargi. Ƙwan LED na da gaba da baya, in an juya shi ba zai kama ba, kuma da yawa a manne suke ba a cire su. Idan RCD na yawan katse wuta, alama ce ruwa ya shiga wani wuri ko waya ta yage. A nemo wurin, kada a cire na'urar.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, in bai samu ba a ture wayar da busasshen katako, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware. Gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an katse wuta. A yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda ko yashi, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta 112.

Saukewa da ajiya

Ba a yi fitilun ado don zama a waje shekara guda ba. Dokar aikin lantarki ta Amurka ta ƙayyade musu kwana 90, zafin ranar ƙasarmu kuwa ya fi saurin busar da roba ta tsattsage. Da biki ya wuce a cire filogi, a kwance maƙalai ɗaya bayan ɗaya, ba a fizgo waya daga ƙasa ba. A goge ƙura, a bar su su bushe, a gwada kowane jeri, a ware wanda ya lalace tun a lokacin.

Kowane jeri a naɗe shi daban a jikin guntun kwali, a rubuta wurin da aka ɗaura shi, a haɗa da ragowar ƙwayaye da fis a cikin 'yar leda. A cire batir daga masu sola. Akwatin roba mai murfi ya fi kwali, saboda ɓera da gara, kuma a ajiye shi a ɗaki mai inuwa, ba a cikin silin ƙarƙashin kwano ba inda zafin bazara ke gasa kaya. Jerin LED mai inganci da aka yi wa wannan hidima na iya kai mai shi bukukuwan shekaru da dama, amma a kowace shekara sai an sake shimfiɗa shi a ƙasa an duba kafin a hau tsani da shi.